Kowa na sa mini albarka, ni kuwa na gaji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, shekaruna 38, 'ya'yana huɗu, ina koyarwa a makarantar firamare. Ni ce babba a ɗakinmu. Tun rasuwar mahaifinmu, maganin Ummanmu da kuɗin karatun ƙannena biyu da ke jami'a daga albashina suke fita. Shekara biyu ke nan da Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta samu shanyewar ɓarin jiki aka dawo da ita gidanmu. Ni ke mata wanka, ni ke ba ta abinci a baki, ni ke tashi cikin dare in juya ta. 'Ya'yanta bakwai, amma sai ranar Juma'a suke leƙowa da lemo da ayaba, su ce "Allah ya biya ki", su tafi. In biki ko suna ya tashi a dangi kuwa, ni ce a gindin murhu.

Yanzu ko na samu damar kwanciya barci ba ya zuwa, kaina kullum cikin ciwo, na fara mantuwa a aji. Makon jiya na mari 'yata mai shekara 6 don ta zubar da koko, na shige banɗaki na yi ta kuka. Wani lokaci har fata nake in kwanta ciwo a ba ni gado a asibiti, don kawai in huta. Da na gaya wa maigida na gaji, sai ya ce, "Ai lada kike samu." Umma kuma ta ce in yi haƙuri, haka kowace mace ta gari take. Anti, rashin haƙuri ne ke damuna ko raunin imani? Ina tsoron in yi magana a ce na ƙi uwar mijina.

Wata baiwar Allah, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya jiƙan mahaifinku.

Tambayarki ta ƙarshe zan fara amsawa, don na san ita ke cin ki a rai. Ba rashin haƙuri ke damun ki ba, kuma imaninki bai yi rauni ba. Gajiya ce, irin wadda ke kama duk wanda aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa aka bar shi da shi tsawon lokaci. A asibiti, jinyar mara lafiya irin Hajiya raba ta ake yi: ma'aikatan safe daban, na yamma daban, masu kwana daban, kuma wadda ta yi kwanan aiki ana ba ta hutu ta rama barci. A gidanku ke ce ta safe, ke ce ta yamma, ke ce ta dare, shekara biyu ba mai karɓar ki, sannan gari na wayewa ki ɗauki alli ki tsaya gaban yara. Wanda zai ce macen da ta yi wannan ba ta da haƙuri, to bai taɓa tashi ƙarfe biyun dare ya canza zanin gadon da ya jiƙe ba.

Maganar da ta fi tsaya mini a wasiƙarki ita ce fatan da kike yi na a ba ki gado a asibiti. Idan mace ta kai inda ciwo ya zame mata hanyar hutu kaɗai da take gani, abin ya wuce a ce mata "sannu" a wuce. Saboda haka cikin wannan makon, kafin duk wata magana da kowa, ki je a auna jininki. Idan awon yana kaiwa 140 bisa 90 ko ya haura, kuma aka maimaita wata rana ya sake nuna haka, hawan jini ne, kuma kin ga da idonki a ɗakin Hajiya abin da yake iya jawowa. Ki nemi a duba ko kina da ƙarancin jini, a duba suga. In kin shiga wurin likita kada ki tsaya a "kaina ke ciwo" ya rubuta miki magani ki fito. Ki gaya masa rashin barcin, da mantuwar, da kukan, da fushin da ke zuwa ba shiri. Ki kuma rage afa ƙwayar ciwon kai kullum, domin yawan shan ta shi ma yana mayar da ciwon kan ya zama na kullum.

Akwai alamomin da nake so ki lura da su. Idan kin yi mako biyu ko fiye zuciyarki a cushe kusan kowace rana, abubuwan da a da suke faranta miki rai sun daina, abinci ya fita ranki, kina jin ba ki da wani amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin gwamnatin tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Masu zuwa can ba mahaukata ba ne kamar yadda unguwa ke faɗi. Akwai malamai, da 'yan kasuwa, da iyaye mata irinki. In kuwa tunanin "da ma in mutu in huta" ya taɓa zuwa miki, kada ki kwana da shi ke kaɗai. Ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, ku tafi asibiti tare.

Abin nan ba a kanki aka fara ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiyar mai cinye mutum da alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta janye daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, aikin kuma ya daina yin kyau a hannunsa. Hukumar ta taƙaita bayanin ga wurin aiki ne, amma duk wadda ta taɓa jinyar tsoho a gida za ta gane kanta a ciki. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 kuma ya nuna mata ke yin kimanin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da gida da yara da marasa lafiya wanda ba a biya, wato fiye da ninki uku na abin da maza ke yi. A wajenmu sai aka ƙara masa da yabo. Tun yarinya na shekara bakwai ake goya mata ƙani, ana cewa "wance akwai hankali", ta tashi da sanin cewa darajarta tana cikin yawan abin da ta ɗauka ba ta yi ƙorafi ba. Sai ta zama ita ke cin ƙanzo a tsaye a kicin bayan kowa ya ƙoshi, ita kuma ke jin kunyar cewa ta gaji.

To mu zo kan maganar lada, tunda da ita aka rufe miki baki. Gaskiya ne, kina samun lada, kuma ina roƙon Allah ya ninka miki. Amma addinin da ya yi alkawarin ladan bai ce mutum ya ƙarar da kansa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce masa ta Zainab ce, in ta gaji da sallar dare sai ta riƙe ta. Ya ce a kwance igiyar, mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. Salla ce fa ake magana, ganawa da Ubangiji, amma aka ce in an gaji a zauna. Haka lokacin da Salmanul Farisi ya ga Abud Darda'i ya duƙufa azumi da tsayuwar dare, ya ce masa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, ranka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka suna da haƙƙi a kanka, ka ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Da maganar ta kai wurin Annabi (SAW), cewa ya yi Salmanu ya yi gaskiya. A Suratul Baƙara, aya ta 233, inda ake maganar shayarwa, Allah ya ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Idan ɗan da ta haifa ma ba a yarda ya zama dalilin cutar da ita ba, ina ga hidimar dangi?

Sannan akwai gaskiyar da mutanenmu ba su cika son a faɗa ba. Jinyar Hajiya wajibi ce a kan 'ya'yanta bakwai, maza da mata. A kanki kyautatawa ce da zumunci da mutunta miji, kuma abu ne mai girma, amma ba ke shari'a za ta fara tambaya ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito, mai cewa ya taɓe wanda ya riski iyayensa cikin tsufa, ɗaya ko duka biyun, bai shiga Aljanna ba, da 'ya'ya yake magana. Don haka in lada ake nema, ƙofar a buɗe take gare su fiye da ke, kuma lemon Juma'a bai isa ya biya wannan bashin ba. A Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, an faɗa cewa in miji yana da yalwa, to a kansa ne ya samar wa matarsa mai hidima. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Nurul Albab, ya yi kakkausan suka ga masu ɗora wa mata girki da wanki da sunan biyayya, su kuma bar su ba tare da koya musu abin da Allah ya wajabta musu ba. Ba cewa nake ki ajiye muciya ba. Malamanmu na Malikiyya sun yarda mace tana yin hidimar cikin gidanta bisa al'ada idan miji ba mai hali ba ne. Ina so ne ki san ina wajibi ya tsaya, ina kyauta ta fara, don ki daina jin kamar zunubi za ki yi in kin nemi a taya ki.

Yanzu ga inda aikin yake: maigida. Ban ɗauke shi azzalumi ba daga abin da kika rubuto. Abin da na fi zato shi ne bai san girman abin ba, domin yana fita da safe Hajiya a wanke, ya dawo da dare ya tarar da ita a wanke, ɗakin na ƙamshin turaren wuta. Abin da ke tsakanin wankan safe da na dare bai taɓa gani ba. "Na gaji" kuma magana ce da kunnen namiji ya saba ji, ba ta nuna masa abin da ake so ya yi.

Ki samu takarda, ki yi mako guda kina rubuta duk abin da kika yi da lokacin da kika yi shi, tun daga tashin asuba: ɗora ruwan wankan Hajiya, ɗaga ta zuwa kujera, kunun da ake ba ta cokali-cokali don kada ta ƙware, magani, shirya yara, makaranta, girkin rana, wankin zannuwa, juyin dare sau nawa. Ki haɗa da sakamakon asibiti. Sai ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya natsu, ba yana shigowa ba, ba kuma a gaban yara ko inda Hajiya za ta ji ba. Ki fara da abin da kike tsoron a zarge ki da shi, ki rufe ƙofarsa tun farko. Misali: "Baban yara, Hajiya uwata ce, kuma ba na son ta bar gidan nan. Amma ga abin da likita ya ce, ga kuma yadda kwanana yake. In na faɗi, ni da ita duk sai an nemo mana mai jinya. Ina roƙon ka tara 'yan'uwanka a raba aikin nan."

Ki lura, shi zai kira taron, ba ke ba. Maganar da za ta fito daga bakin ɗa a ce "ya kyauta", in ta fito daga bakin suruka sai a ce "ta gaji da uwarmu". Kuma ki ba shi buƙatu masu suna, waɗanda za a iya cewa e ko a'a a kansu. Na farko dare: a ƙalla darare uku ko huɗu a mako wani ya kwana da Hajiya, ke ki rufe ƙofarki ki yi barci. 'Ya'yanta mata su yi karɓa-karɓa. Wadda aurenta ya yi nisa ta zo ƙarshen mako. Na biyu kuɗi: kowane ɗa ya sa abin da zai iya duk wata, a ɗauko mace mai hankali da za ta riƙa zama da Hajiya daga safe zuwa La'asar, a kuma sayi famfas na manya da ledar shimfiɗa don wanki ya ragu. Na uku ɗagawa da juyawa. Wannan aikin ƙarfi ne, yana karya bayan mace, kuma babu abin kunya ɗa namiji ya ɗaga mahaifiyarsa ya gyara mata kwanciya. Maigida ya karɓi juyin kafin barci da na asuba. Kai ta asibiti wurin gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, kuma ya zama na 'ya'yanta maza. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma su ma sun san haka, sun dai samu wadda ba ta cewa komai ne.

Ki gaya masa har da wannan, domin gaskiya ce: rabon aikin gata ne ga Hajiya kanta. Mai shanyewar jiki tana bukatar a riƙa juya ta kusan duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito mata a ƙugu da dugadugai. Mai jinyar da ba ta yi barci ba ita ke makara da juyi, ita ke manta ko ta ba da maganin hawan jini ko ba ta ba ba. Kuma Hajiya za ta fi jin daɗin ganin fuskokin 'ya'yan da ta haifa a gefen gadonta da dare fiye da gaisuwar tsaye.

In ya ƙi, ko ya ce "za a duba" wata ya wuce ba a duba ba, kada ki yi yaji kuma kada ki koma shiru. Ki nemi wanda yake jin nauyinsa: ƙanin Hajiya ko yayanta, babbar yayarsu mace in tana da adalci, ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Ki kai maganar a matsayin neman taimako ga Hajiya, ba ƙarar miji ba.

Sai gidanku. Umma ba don ba ta ƙaunar ki ta ce ki yi haƙuri ba. Abin da aka gaya mata ke nan a nata lokacin, kuma tana tsoron aurenki ya samu matsala ki dawo mata da 'ya'ya huɗu. Kada ki yi jayayya da ita. Ki je ki zauna kusa da ita, ki nuna mata takardar asibiti. Uwa in ta ga lambar awon jinin 'yarta, maganarta kan canza. Maganinta ki riƙe shi gwargwadon iko, wannan naki ne. Amma kuɗin karatun ƙannenki ki yanke masa adadi guda a wata, ki faɗa musu a fili, kada ya zama duk kiran waya sai kin nemo. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashin malamin firamare bai isar gida ɗaya, balle biyu. Idan jami'ar gwamnati suke, su nemi bashin karatu na asusun gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024, wanda babu ruwa a kansa. Su kuma nemi abin yi lokacin hutu. Ɗan jami'a ba yaro ba ne, kuma baffanni da kawunnai ma suna da kaso a cikin marayun ɗan'uwansu.

Biki da suna ba zan daɗe a kansu ba. Kina da uzurin da babu mai musa shi: "Wannan karon ba zan samu zuwa aiki ba, ina da mara lafiya a gida." Ki tura gudummawar da za ki iya, ki je ki yi Allah ya sanya alheri ki dawo. Anko in babu hali a bar shi. Za a yi magana, wata ma za ta ce kin canza. Biki biyu ko uku za a yi, a samu wata ta tsaya kan tukunyar.

Yarinyar da kika mara, ki kira ta ki rungume ta, ki ce mata, "Mama ta gaji ne ranar nan, ba ki cancanci mari ba, ki yafe mini." Wannan ba ya rage girman uwa. Kuma ina roƙon ki abu ɗaya da babbar murya: in kin fara sauke kayan nan, kada ki sauke su a kan babbar 'yarki. Abin da ke faruwa ke nan a gidaje da yawa, uwa ta gaji sai 'yar shekara 12 ta gaji tukunya da goyo, 'yan'uwanta maza suna waje suna ƙwallo. Ki raba aikin gida tsakanin mazan da matan daidai shekarunsu, shara, wanke-wanke, ɗebo ruwa, ninke kaya. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Duk wanda ya ce kina mayar da 'ya'yanki maza mata, ki ba shi wannan amsar.

Idan aka fara karɓar ki, akwai abin da zai zo miki wanda ba ki zata ba: za ki kwanta ki ji kamar kin yi laifi, kunnenki na ɗakin Hajiya, ki ga kamar wadda ta karɓe ki ba ta iya ba kunu yadda kike yi. Ki bar ta ta yi nata salon. Muddin an ba da magani a kan lokaci, an juya ta, an tsaftace ta, kada ki tashi ki karɓe. Lokacin da ya samu kuma kada ki cika shi da gugar kayan da suka taru. Ki ci abinci a zaune, da zafinsa. Ki ɗan taka da ƙafa da yamma, ki leƙa ƙawar da kika daɗe ba ki gani ba, ki koma Islamiyyar da na tabbata jinya ta raba ki da ita. In akwai hali ki nemi hutun 'yan kwanaki a wurin aiki da takardar likita.

Ba lallai a ba ki duk abin da kika nema a zama ɗaya ba. In dole sai kin sassauta, ki sassauta a kan kuɗi ko a kan kai ta gashi, amma kada ki sassauta a kan barcin dare, don shi ne ke riƙe da jininki da hankalinki da aikinki. Ki fara da asibiti a wannan makon, maganar maigida ta biyo baya a mako mai zuwa. Ki sake rubuto mini ki gaya mini abin da awon ya nuna da amsar da ya ba ki, sai mu ga mataki na gaba. Allah ya ba ki lafiya, ya sa 'yan'uwan maigidanki su ji kiran.